Shatan Farko da Shatan Ƙarshe: Tarihin Wani Musu da Ya Ƙi Mutuwa



Watan Yunin 1999 ya zo da abubuwa biyu waɗanda a lokacin babu mai cewa suna da alaƙa. A farkon watan, wasu matasa a Amurka suka saki wata manhaja mai suna Napster, wadda ta ba mutane damar musayar waƙoƙi ta intanet kyauta, ba tare da sun taka ƙafa zuwa shago ba. Ranar Juma'a 18 ga watan kuma, Allah Ya yi wa Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina rasuwa a Kano, aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura. Allah Ya jiƙansa da rahama. Mu a nan labari na biyu kaɗai muka ji, ta rediyo. Na farkon kuwa, ko an faɗa mana ba za mu gane ba, don a lokacin yawancinmu ba mu taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba.

Na kawo su tare ne saboda wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a tsakanin masoya Shata, a nan Uke da duk inda Hausawa suka taru, daga tashar mota zuwa teburin mai shayi. Musun shi ne: shin waƙoƙin da Shata ya yi a ƙarshen rayuwarsa, wato daga wajen ƙarshen shekarun 1980 har ciwo ya kwantar da shi, sun kai na da? Masu cewa a'a su suka fi ɗaga murya. A wurinsu Shata na gaskiya shi ne na zamanin En'e da na farkon mulkin soja, mai murya garau, wanda in ya ɗauko baiti ba ya ajiyewa sai ya kai shi inda yake so. Abin da ya biyo baya, in ji su, maimaici ne kawai: murya ta dushe, kalangu ya yi sanyi, waƙa ta koma ta 'yan kwangila da 'yan siyasa. Ɗaya ɓangaren kuma su ce ai da tsohuwar zuma ake magani. A ƙarshen ne maganarsa ta nuna, ya daina gaggawa, kowace kalma yana ajiye ta a gurbinta.

Na daɗe ina sauraron ɓangarorin biyu, kuma abin da na lura da shi shi ne yawancin masu musun nan ba Shata suke karewa ba, na'urar da suka fara jin Shata da ita suke karewa. Wanda ya san shi ta rediyo da nasa Shatan, na kaset da nasa, na bidiyo da nasa, yaranmu da suka same shi a cikin memori su ma da nasu. In ba mu bi tarihin waɗannan na'urori ba, sai mu kwana muna musu a kan abin da ba iri ɗaya muka ji ba.

Tarihin mutumin kansa sananne ne, ba zan daɗe a kai ba. An haife shi a Musawa a 1923. Mahaifinsa Ibrahim Yaro bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba. Ya yi tallan goro da alewa, ya zauna a Bakori, tauraronsa ya haska a Kano a 1952 wajen Bikin 'Yan Sarki, daga baya ya tare a Funtuwa, inda ya yi mafi yawan rayuwarsa. Abin da ya shafi maganarmu shi ne yadda yake waƙa. Shata ba ya zama ya rubuta, ba ya kulle kansa a ɗaki da makaɗa ana bita har a haddace. A gaban jama'a yake ƙaga waƙa, ya ba 'yan amshi abin da za su riƙe, kalangu ya bi. Saboda haka abin da mawaƙan yanzu suke kira albam, wato a tara waƙoƙi goma a sa musu suna a saki rana ɗaya, ba tsarinsa ba ne. A wurinsa waƙa taro ce. Wadda ya yi ranar Litinin a Funtuwa, in ya sake ta ranar Juma'a a Zariya, ta riga ta zama wata. Shi ya sa in wani ya ce maka Bakandamiya ta fi kowace waƙa, tambayar da ta dace ita ce: wace Bakandamiyar? Domin ya yi ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma kowacce da abin da ya ƙara da abin da ya zubar.

To, ta yaya Shatan farko ya iso kunnenmu? Ta ƙofa biyu ne, kuma dukansu da masu gadi. Ta farko gidan rediyo, musamman na Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962 zamanin Sardauna. A can ana ɗaukar waƙa a ɗakin da aka gina don ɗaukar sauti, babu kukan yara, babu hayaniyar maroƙa, ga ma'aikaci ya san inda zai kafa makirfo don kada kalangu ya danne murya. In ɗauka ba ta yi kyau ba, a sake, ko a ajiye ta ba a saka ba. Sannan masu sauraro su aiko da katin zaɓe, waɗanda aka fi nema su ne za a yi ta maimaitawa har su zauna a kan kowa. Ƙofa ta biyu kamfanonin faifai ne irin su EMI. Tsohon faifan garmaho minti uku da 'yan kai yake ɗauka a kowane gefe, babban faifan da ya zo daga baya kuma kimanin minti ashirin. Mutumin da ya saba kwana yana waƙa, in ka ce masa ga iyakar lokacinsa, dole ya tsame tsokar ya bar ƙashi.

Wato Shatan farko da muke alfahari da shi tankaɗaɗɗe ne, an rairaye shi sau biyu ko uku kafin ya zo mana. Ba shakka a 1965 ma akwai daren da mura ta kama shi, akwai daren da makaɗa suka gaji, akwai bikin da ya yi waƙa don kawai an matsa masa. Amma a daren nan babu mai rikoda a wurin. Iska ta tafi da su, aka bar mana zaɓaɓɓu.

Sai kaset ya zo ya ɓalle ƙofar. A tsakiyar shekarun 1970, da kuɗin mai da ariyas ɗin Udoji, rikoda ta shiga gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, daga nan ta gangaro ga kowa. Daga ranar nan duk wanda ke da rikoda da batir shida ya zama kamfanin faifai. Ana biki, sai ka ga an jera rikodoji a gaban makaɗa kamar takalma a ƙofar masallaci. Wanda aka yi wa waƙa ya ɗauki tasa, abokansa su kwafa, wani ya kai wa mai shagon kaset, shi kuma ya buga ɗari. Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama uwar wannan sana'a, daga can kaya ke bazuwa zuwa Kaduna da Jos da Maraɗi da Agadas, har Kumasi. Da aka dawo da babban birnin tarayya Abuja a Disambar 1991, jama'armu suka yi ta kwararowa wannan yanki neman abinci, kaset ɗin nan suka biyo mu a cikin jaka da aljihun mota. Duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Nyanya a motar haya a waɗannan shekaru ya san da wuya ka sauka ba ka ji kalangu ba.

Amma a tsaya a duba abin da kaset yake yi wa murya, don nan ne rabin musun yake. Duk lokacin da aka kwafi kaset daga wani kaset, sautin yana raguwa, shuu ɗin nan na bayan fage yana ƙaruwa. Wanda ya iso hannunka a tasha wataƙila jikan jika ne, an kwafa sau biyar ko shida. Sannan ga batun batir. In batir ya yi sanyi lokacin da kake sauraro, zaren yana tafiya a hankali, sai murya ta yi kauri ta ja, ka rantse mawaƙin ya tsufa. In kuma lokacin ɗauka ne batir ya yi sanyi, to in aka saka a rikoda mai lafiya sai ka ji muryar ta sirance tana gudu kamar ta yaro. Haɗa da zafin gaban mota da ƙurar hunturu da kan rikoda da ba a taɓa gogewa ba. Na sha jin mutum yana kafa hujja da wani kaset cewa ga shaidar murya ta tafi, alhali abin da ya tafi zaren ne. Kuma mafi muni, kusan babu mai rubuta kwanan wata. A jikin kaset za ka ga an sa biro an rubuta sunan wanda aka yi wa waƙa, shi ke nan. Ko wace shekara ce, ko a wane gari, oho.

A shekarun 1990 kyamarar bidiyo ta shiga bukukuwa, kuma a ganina ita ce ta fi yi wa Shatan ƙarshe illa. Da can kunne ne kaɗai alƙali. Yanzu ido ya riga kunne yanke hukunci: ga dattijo ya haura saba'in, jiki ya yi nauyi, ana ta tururuwar liƙi a kansa, janareta na ruri, lasifika na tsuwwa, sanƙira na ihu a makirfo ɗaya da shi. Mai kyamara kuma ba waƙa ya zo ɗauka ba, fuskar masu biki ya zo ɗauka, don su za su biya shi. Wannan shi ne abin da ake ɗorawa a sikeli ɗaya da faifan da aka ɗauka a ɗakin rediyo shekara talatin baya. Ina adalci a nan?

A daidai lokacin ne kuma kunnen matasa ya sauya. Finafinan Hausa na bidiyo sun faro da Turmin Danya a 1990, kafin ƙarshen shekarun kuma fiyano ta mamaye su. Fim ɗin Sangaya da ya fito a 1999, shekarar da Shata ya rasu, ya nuna wa kowa inda kasuwa ta dosa: waƙar soyayya ta namiji da mace, kiɗan na'ura, minti biyar an gama. A shekarar ce Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim, a shekarar ce kuma sunan Kannywood ya fara fitowa a mujallar Tauraruwa. Yaron da ya tashi da wannan kiɗa, in ka saka masa waƙar da ta kai rabin awa a kan amshi ɗaya, ba zai tsaya bambance ta farko da ta ƙarshe ba, duka tsofaffi ne a wurinsa.

Yanzu mu zo kan intanet, wanda shi ne ya ɗauki musun daga majalisa ya kai shi duniya. Matasanmu na yau da aka haifa da waya a hannu ba za su gane wahalar ba. Kafin 2001, layukan tarho na NITEL a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Wayar salula ta fara aiki a watan Agustan 2001 da Econet da MTN, layi kaɗai yana kai wa naira 20,000 ko fiye, kira kuma naira 50 a minti, sai da Glo ta zo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. Kuma wayar lokacin kira ce da saƙon tes, ba ta san wani intanet ba. Mai son intanet sai ya tafi kafe. Daga nan Uke sai ka shiga mota, ko ka nufi Keffi ko ka nufi cikin Abuja, ka sayi awa ɗaya, rabinta ta ƙare kana kallon shafi yana buɗewa kaɗan-kaɗan. Masu ƙarfin hali su sayi na kwana, a kulle ƙofa da su har asuba, don da dare ya fi sauri kuma ya fi araha.

Duk da haka Hausawa ba su yi barci ba. Akwai shafuka irin su Gamji da Kano Online, inda 'yan boko na gida da na ƙetare suke fafatawa a kan siyasa da al'ada. A 2001 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya buɗe zauren Finafinan Hausa a Yahoo, inda malaman jami'a da 'yan fim da marubuta da 'yan kallo suke aika wa juna wasiƙu kowa na gani. Fim ne jigo, amma fim ɗin Hausa ba ya rabuwa da waƙa, don haka an kai ruwa rana a kan rawa da waƙa irin ta Indiya, da fiyano, da makomar kiɗan gargajiya. Zauren bai tsaya a surutu ba, shi ya share fagen babban taron da aka yi a Kano a 2003 a kan finafinan Hausa, wanda aka tattara takardunsa aka buga littafi.

Sai dai akwai wani abu game da intanet na wancan zamani da ya kamata a riƙe: rubutu yake ɗauka, ba sauti ba. Akwatin wasiƙar Yahoo gaba ɗayansa megabait 4 ne zuwa 6, na Hotmail 2, har zuwa 2004 da Gmail ta zo ta tilasta musu faɗaɗawa. Waƙar Shata ɗaya mai minti ashirin, in an mayar da ita MP3 mai kyau, ta kusa megabait 20. Wato ko akwatinka babu komai a ciki, waƙa ɗaya ba za ta shiga ba. Saboda haka Bahaushen da ke Landan da wanda ke Jidda da wanda ke Kano za su iya yin wata guda suna gardama a kan waƙa, amma babu wanda zai iya cewa ɗan'uwansa: tsaya, saurari wannan. Kowa yana magana ne daga kaset ɗin da ke cikin motarsa ko daga abin da ya rage a ƙwaƙwalwarsa tun yana yaro. A nan ne, a ganina, maganar "Shata ya ƙare tun tuni" ta yi ƙarfi, domin waɗanda suka fara samun intanet su ne 'yan bokon da suka tashi da rediyon Kaduna, suka bar gida kafin shekarun ƙarshe, kuma kewar gida tana ƙara wa tsohuwar waƙa zaƙi.

Ba mu kaɗai ke irin wannan musu ba. A watan Oktoban 2001 Maikel Jakson ya saki Invincible, wanda ya zama albam na ƙarshe da ya fitar yana raye. Masu sharhi da yawa suka ce bai kama ƙafar Thriller na 1982 ba, shi kuma ya fito fili a 2002 ya zargi kamfanin Sony da ƙin tallata shi, masoyansa suka yi ta kare shi a intanet. Har ya rasu a Yunin 2009, shekara goma da mako ɗaya bayan Shata, ba a gama ba, kuma har gobe ana yi. Amma dubi bambancin. Su in suna musu, abu ɗaya suke saurare: waƙoƙi goma sha shida, an san ranar fitowarsu, an san wanda ya haɗa kiɗan kowacce, kwafin da ke Tokiyo shi ne ke Legas. Mu kuwa ko jerin waƙoƙin da za a kira na ƙarshe ba mu yi ittifaƙi a kai ba.

Da sauti ya samu hanyar shiga waya, sai aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Wajen ƙarshen shekarun 2000 wayoyi masu memori da Bluetooth suka cika gari, sana'ar 'yan dawunlodin ta kafu. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da kowace tasha da bakin kasuwa har nan wajenmu, za ka ga matashi da kwamfuta a ƙarƙashin lema, ka ba shi memori da 'yan canji ya cika maka. Alherin da suka yi ba ƙarami ba ne, don su suka ceto waƙoƙi da yawa daga kaset ɗin da ke gab da mutuwa, suka kai Shata kunnen yaran da ba su taɓa ganin rikoda ba. Amma sun yi ɓarna ba da niyya ba. Don waƙoƙi da yawa su shiga ƙaramin memori, sai a matse sautin har ya koma kamar daga cikin rijiya. Doguwar waƙa a datse ta. Ɗan sunan da ke jikin kaset ma ya ɓace, ta koma "Shata 1", "Shata 2", "Shata 14". Wani lokaci har waƙar wani mawaƙin kalangu daban za ka tarar a cikin jakar Shata. Daga nan aka kwashe su haka aka zuba a YouTube da Facebook da WhatsApp. Yau yaro zai saurari waƙar da aka yi kafin a haifi babansa, ta ƙare, wadda aka yi a shekarun Abacha ta biyo, bai san akwai shekara talatin a tsakaninsu ba. Mawaƙin da iyalinsa kuwa, daga duk wannan kwafe-kwafe, ba a maganar abin da ya shiga aljihunsu.

Ita ma waccan muhawara ta farkon intanet ba ta tsira ba. A ƙarshen 2019 kamfanin Yahoo ya sanar da cewa zai goge abin da aka tara a zaurukansa, ranar 15 ga Disambar 2020 kuma ya rufe su gaba ɗaya. Wasiƙun shekara da shekaru, in ba wanda wani ya yi dabarar kwafewa ya adana ba, sun tafi. Muna ganin kamar abin da ya hau intanet ya zauna ke nan har abada. Ga shi kaset ɗin da ke cikin kwali a ƙarƙashin gado ya fi zauren Yahoo tsawon rai.

To ni ina na tsaya? Ba zan ce murya ba ta sauya ba. Ta sauya, kuma duk mai kunne ya sani. Mutum ba zai yi sama da shekara hamsin yana waƙa a fili, cikin sanyi da ƙura, muryarsa ta zauna yadda take ba. A waƙoƙin ƙarshe numfashi ya gajarta, yana barin 'yan amshi su ɗauki kaya fiye da da, kuma yana yawan komawa kan baitocin da ya riga ya gina tun tuni. Wannan gaskiya ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce basira ta ƙafe. Ka samu ɗauka mai kyau daga waɗannan shekaru, ka zauna ka saurara ba tare da kallon hoto ba, za ka ji mutumin da ya san nauyin shiru, wanda zai ja baki ya bar kalangu ya yi magana, sannan ya jefo kalma ɗaya ta wadatar. Yaro ba ya iya wannan. Kuma a tuna, digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988 ya zo ne a daidai lokacin da masu suka suke cewa ya gama.

Zargin cewa ya koma yi wa masu kuɗi waƙa kuwa, shi ne ya fi ba ni dariya. Yaushe ne bai yi musu ba? Tun farko Shata mawaƙin jama'a ne mai bin wanda ya yi masa alheri: sarakuna, 'ya'yan sarki, attajirai, direbobi, 'yan kasuwa, har sarkin bori. Ba Shata ne ya sauya ba, masu riƙe da dukiya ne suka sauya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da baitulmali da kotu da 'yan doka, kuɗin mai ya ƙaga sababbin attajirai, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya ma'aikaci da ɗan tireda. Wa ya rage da zai iya ɗaukar nauyin mawaƙi da tawagarsa, ya ba da mota ko kujerar Makka? Ɗan kwangila da ɗan siyasa. Shi kansa ma ai ya shiga siyasar, ya yi kansila, ya kuma riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa a jamhuriya ta uku. Wanda yake jin haushin sunayen da ke cikin waƙoƙin ƙarshe, da zamanin yake faɗa, ba da mawaƙin ba.

Abin da zai rage wannan musu, ko ya mayar da shi mai amfani, shi ne a san shekarar kowace ɗauka, kuma ana iya yin hakan fiye da yadda muke zato. Waƙoƙin suna ɗauke da shaidarsu a ciki. Waƙar kumbo Apollo 11 ba za ta riga watan Yulin 1969 ba, don a lokacin ne aka sauka a kan wata. Duk inda ya ambaci Muhammadu Bashar a matsayin Sarkin Daura, to daga 1966 ne zuwa sama. In ya lissafa kyauta da fam da sule, akwai alamar kafin 1973 ne, in da naira ne to bayan nan. In ya ce Jihar Katsina, to an wuce Satumbar 1987. Irin motar da aka ba shi, da sarautar da mutum yake riƙe da ita a lokacin, da wanda ya yi wa addu'ar rahama a matsayin mamaci, duk ma'auni ne. Masana sun riga sun share hanya. Tun 1975 Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka, a 2006 kuma Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka fitar da littafin Shata Ikon Allah!, wanda ya kamata duk mai son shiga wannan gardama ya fara leƙawa kafin ya buɗe baki.

Amma akwai abin da masana ba su da shi, mu muke da shi. Yawancin waƙoƙin shekarun ƙarshe ba a rediyo aka ɗauke su ba, a gidajen biki ne, kuma kaset na asali yana hannun iyalan da aka yi wa bikin ko wanda ya je da rikodarsa. A cikinmu nan akwai mutanen Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Daura da Kano da suka taho da irin waɗannan a cikin kayansu shekara talatin da suka wuce. Damina tana sa musu fumfuna, zafi yana manne zaren, kuma duk dattijon da ya rasu, yawanci kwalin kaset ɗinsa ne farkon abin da ake zubarwa in an zo share ɗaki. Wanda ya san a bikin wa aka ɗauka, a wane gari, a wace shekara, shi ma tafiya yake yi.

Don haka duk wanda yake da kaset na Shata, ko na Ɗanƙwairo, ko Ɗanmaraya Jos, ko Barmani Coge, musamman wanda aka ɗauka a wurin biki ba na shago ba, kada ya saka shi a tsohuwar rikoda don gwaji, tana iya cinye zaren. Ya ajiye shi a inuwa, nesa da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu. Ya samu takarda ya rubuta abin da ya sani a kai: bikin wa, wane gari, wace shekara, ko aƙalla zamanin wane shugaba ko wane gwamna, in kuma bai sani ba ya tambayi tsofaffin gidan tun suna nan. Sannan ya kawo mana a taron wata mai zuwa. Akwai matasanmu masu kwamfuta da suka yarda za su juye su ba tare da matse sautin ba, a sa wa kowanne suna da shekara, a mayar wa mai shi da kayansa tare da kwafi a memori.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya